Akuyar Inna a Shafi na Casa'in

"Ku kawo mini duk wani abu mai numfashi, in ɗora muku shi a takarda kafin shayi ya huce."

Maganar da mutumin namu ya yi ke nan a tsakar gida, ranar da ya cika sati da dawowa, bayan shekara bakwai yana gararamba a duniya. Da jaka ɗaya ya tafi, da jaka ɗaya ya dawo. Abin da ya ƙaro kawai gemu ne, da hular sanyi wadda ba ya cirewa ko gumi na tsiyaya ta ƙeyarsa, sai wani ƙaton littafin koyon zane. Ba ya buɗe baki bai ce "a can inda na zauna" ba. A can ba haka ake shan ruwa ba. A can ba a barin takalmi a ƙofar ɗaki. Kafin kwana uku 'yan layi sun laƙa masa suna A-Can, sunan kuma ya zauna daram. Kada ka tambaye ni yadda na san cikinsa haka, abokina. Ka dai ɗauka takalminmu lamba ɗaya ne.

Littafin ya yi alkawarin mayar da mutum gwanin zane cikin kwana talatin. A-Can ya gama shi a kwana huɗu, yana rigingine a kan katifa, kamar mai karanta labarin soyayya. Fensir goma sha biyu ya saya, ya fere su duka, ya jera a aljihun gaba, amma ko ɗaya bai taɓa gaisawa da takarda ba.

"Yaya, yaushe za mu ga zanen?" in ji ƙanwarsa, Auta, wadda ke ɗinki a shagon bakin titi.

"Ke ba ki san ilimi ba. Zane a kai yake. Hannu ɗan aike ne kawai."

"To ɗan aiken naka dai ya daɗe a hutu."

Innarsu tana da akuya. Ba akuyar nuna wa baƙi ba ce: fara ce mai ɗigon ja, ƙahonta ɗaya ya karye, kunnen hagu a yage, ƙafafu gajeru, ga ciki ya yi nauyi, haihuwa yau ko gobe. Tun tana jaririya uwarta ta mutu, Inna ta shayar da ita da kwalba. Shekarun da A-Can ya yi ba waya ba wasiƙa, da wannan akuyar take hira. In da za a ce Inna ta zaɓa tsakanin su biyun, ni dai ba zan ba shi shawarar ya tsaya jin amsa ba.

Wata safiya ya buɗe ƙofar gida ya tsaya, ya miƙe hannu da fensir, ya kanne ido ɗaya yana auna turken lantarki, domin haka ya ga mutumin bangon littafin ya yi. Ya ji wani abu ya goge shi a ƙafa. Bai ko sunkuya ba, ya ce, "Matsa mana, ana aiki."

Abin ya matsa. Ya matsa har ya sha kwana.

Da rana ta ɗaga Inna ta fito da kwanon dusa, ta tarar da igiya a ƙasa da ƙofa wangale. Ta zauna a kan turmi ta dafe gwiwarta mai ciwo.

"Ɗan nan, waye ya buɗe ƙofa?"

"Inna, wannan ba shi ne muhimmin abu ba yanzu."

"Ai mun ji amsa," in ji Auta. Ta ɗauko mayafi. "Bari in bi gida-gida in yi cigiya."

A-Can ya tare ta da littafin. Ya ce cigiyar baki tsohon yayi ce, a can ba a yin ta. Ta koma shagonta, Inna ta huta da ƙafarta, shi zai zana akuyar, a buga, a manna a kowane bango, kafin la'asar a kawo ta har gida ana ba da haƙuri. Auta ta ce ai da hoto ya fi sauƙi. Suka duba wayarsa. Hoto ɗari huɗu da wani abu, duk na fuskarsa da hular sanyi. A guda ɗaya ne kawai bindin akuyar ya leƙo daga bayan kafaɗarsa.

Ya share tebur, ya buɗe babin dabbobi. Akwai doki, akwai kare, akwai zaki. Babu akuya. Amma a shafi na casa'in akwai barewa.

"Duk gida ɗaya ne," ya ce. "A ƙara gemu kawai."

Ya bi littafin sau da ƙafa. Da'ira babba ta ƙirji, da'ira ƙarama ta ƙugu, a haɗa su da layi. Inna ta leƙo ta bayansa.

"Ina cikin? Ciki gare ta."

"Inna, ma'auni bai yarda da wannan cikin ba. Zai ɓata tsarin."

"Ƙahon nan biyu ka yi. Ɗaya gare ta da rabi."

"In na yi ɗaya da rabi, za a ce ban iya ba."

"Ƙafafun fa? Wannan ai ta fi katangar gidan nan tsawo."

"Haka ƙafa take a ilmance."

Inna ta dube shi, ta dubi takardar, ta ce, "Shekara shida ina ba ta dusa, ashe ban san a jahilce take tafiya ba."

Daga nan ya shiga babin haske da inuwa, wanda ya fi so. Ya sa inuwa a wuya, ya ga ta yi yawa, ya ƙara a ciki don su daidaita, ya ga ciki ya fi, ya koma wuya. Idanu suka ƙi zama wuri ɗaya, ya goge har takarda ta huje, ya mayar da hujin ido. A ƙasa ya rubuta CIGIYA da lambar wayarsa. Auta ta ce ya rubuta "akuya" mana.

"Zanen da sai an rubuta sunan abin a ƙasa, ai zagin mai zane ne." Ya sa hannu a gefe, sa hannun da ya kusa kai dabbar girma.

Mai shagon kwafi ya karɓi takardar ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Ta ina ne samanta, ranka ya daɗe?"

"Inda ƙahoni suke."

"Au, ƙahoni ne."

Injinsa kuwa tawada ta yi masa yawa. Duk inuwar da A-Can ya wahala a kanta ta haɗe ta zama baƙi ƙirin. Farar akuyar Inna ta fito baƙa wuluk, doguwa, siririya, da farin ido ɗaya yana kallon mutum duk inda ya tsaya. Kwafi hamsin. A-Can ya bi layi-layi yana mannawa, yana ja da baya yana kallo, yana gyaɗa kai.

Waya ta fara ƙara tun kafin ya koma gida. Na farko ya ce ya ga dabbar a bayan kasuwa, A-Can ya ruga, ya tarar da wani ramammen kare yana barci a ƙarƙashin mota. Na biyu tambaya kawai ya yi, wai tana cizo? Wata mata ta kira ta ce ya zo ya cire abin nan daga jikin ƙofarta, yaranta sun ƙi fita makaranta. Wani dattijo ya ce shi ya taɓa ganin irinta, amma a mafarki, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi.

"Ka gani," A-Can ya faɗa wa Auta, "zanen ya motsa jama'a."

"Ya motsa su. Akuyar ce dai bai motsa ba."

Rana ta biyu yana manna wata takardar a layi na uku, sai wani tsoho mai wanki da guga, wanda bai daɗe da tarewa a unguwar ba, ya fito daga shagonsa yana goge hannu.

"Samari, dabba kuke nema? Akwai wata akuya da ta shigo mini bayan shago jiya. Na ɗaure ta, ina ta jiran mai ita."

A-Can ya ɗaga takardar ya kai masa har hanci. "Baba, dubi nan da kyau. Ta yi kama da wannan?"

Tsohon ya ciro tabarau, ya duba a tsanake. "Ko kusa."

"To ba ita ba ce."

"Ko za ka leƙa dai? Ga ta nan bayan labulen."

"Baba, ni na zana ta. Ba sai na leƙa ba."

Ya wuce abinsa yana tausayin mutanen da ba su san darajar lokaci ba.

Kwana na uku Inna ta daina cin abincin kirki. Takan zauna kusa da turken akuyar, in an yi motsi a ƙofa ta ɗaga kai. Wannan ya taɓa A-Can, gaskiya, don ba mugu ba ne, wawa ne kawai mai littafi. Ya zauna ya yi tunani mai zurfi a kan inda matsalar take, ya gano ta: bai sa bishiya a bayan dabbar ba, shi ya sa mutane ba su gane girmanta. Ya fitar da bugu na biyu, da bishiya. Yanzu dabbar ta fi bishiyar tsawo.

Safiyar kwana na biyar Inna ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sandarta da kwanon dusa.

"Inna, ina za ki da wannan ƙafar? Bugu na uku na nan tafe."

"Riƙe shi, ɗan nan. Kada ka ƙarasa tsorata garin."

Ta fita tana ɗingishi, tana buga kwanon da cokali, tana kiran akuyar da irin muryar da take kiranta kowace safiya. Auta na gefenta. A-Can na biye da littafi a hammata, yana bayanin cewa a kimiyyance dabba ba ta jin kira daga nesa. Masu shaguna suka fito kallo, wasu suka bi bayansu, don kowa na son ya ga dodon nan ido da ido.

Layi na ɗaya shiru. Layi na biyu shiru. Suna shiga na uku, Inna ta buga kwano sau biyu, sai wani kuka ya amsa daga bayan shagon mai guga, kuka mai tsawo, irin na wanda aka daɗe ana ɓata wa rai.

Inna ta yar da sanda. A-Can ya ji hular sanyinsa ta yi masa nauyi.

Mai guga ya ɗaga labule. Ga ta nan kwance a kan tsohon buhu, ƙaho ɗaya da rabi, kunne a yage, 'ya'ya biyu suna tsotso. Inna ta durƙusa da gwiwar da ta ce ba ta lanƙwasuwa, tana shafa ta tana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ikon Allah, taki ce, Hajiya? Shekaranjiya ta haihu. Kwana biyar ina ciyar da ita, har wandon wani ta ci mini rabi."

"Malam, ba ka ji ana cigiya ba?" in ji Inna.

"Na ji. Ai har na tare wannan saurayin na gaya masa. Na ce ya leƙa, ya ce ba sai ya leƙa ba."

Kowa ya juyo. A-Can ya buɗe baki, "a can" ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. Auta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ɗan nan," in ji Inna, ba ta ko ɗaga murya ba, "taku nawa ne daga inda ka tsaya zuwa labulen nan?"

"Kamar huɗu, Inna."

"A ilmance ko a jahilce?"

Aka ɗora masa 'yan akuyar, ɗaya a kowane hannu, littafin ya koma hannun Auta, wadda ta ce daidai yake da ƙafar keken ɗinkinta da ke girgiɗi. Uwar akuyar ta miƙe, ta bi ta gabansa ba ta ko kalle shi ba.

Har sun juya za su tafi, mai guga ya biyo shi da sauri, ya dafa kafaɗarsa. A hannunsa ga takardar cigiyar, ya ɓamɓaro ta daga bango, ya ninke ta tsaf kamar rigar da ya gama gogewa. Fuskarsa cike da tausayi, ba alamar wasa.

"Samari, kada ka karaya. Ta Hajiya ta samu, kai ma Allah zai bayyana maka taka dabbar. Sai dai in ka gan ta, don Allah kada ka tunkare ta kai kaɗai."