Mijin Yayata da Gwangwanin Giris

"Ni fa mota ko tari ta yi a bayan gari, daga nan zan gaya maka abin da ke damunta!"

Mijin yayata ke nan. Labule yake sayarwa a kasuwa, amma tun ranar da ya canza fiyus ɗaya da hannunsa ya naɗa wa kansa Injiniya. Mu kuwa a bayan idonsa Injiniyan Baki muke ce masa, don duk aikin a nan yake ƙarewa.

To, ranar da za a cire wa Innarmu yanar ido, shi ya dafa ƙirji ya ce zai kai ta asibiti. Wata da watanni muna jiran layi ya zo kanta, kuma likita ya ja mana kunne: wanda ya makara, sai ya koma ƙarshen layi. Tsohuwa ta shirya tun da farar safiya, muka shigar da ita bayan mota tana jan carbi.

Ka ga, motar nan lafiyarta ƙalau. Ta ɗan yi nishi kafin ta tashi, amma ta tashi. Sai gogan naka ya kashe ta.

"Kun ji wannan nishin? Batir ne. Ba zan ɗauki surukata a mota mai nishi ba."

Yaya ta ce, "Baban yara, don Allah mu tafi, in mun dawo ka duba."

"Yanzun nan zan gama. Kawo min wuƙa."

Ya ɗaga bonet. Kan batir ya yi wani gari fari-fari kore-kore, irin tsatsar da ruwan batir ke haifarwa. Maimakon ya wanke, sai ya cika kumatu ya hura. Garin ya dawo masa hanci. Ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗa cikin injin.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna daga baya. "Wa ke mura?"

"Aiki ne, Inna, ku yi haƙuri."

Ya kwance wayoyin, ya hau kankare kan batir da wuƙar girkin Yaya. Tsatsa ta fita, bai tsaya ba. Ya ci gaba da fiƙe dalmar kan batir ɗin kamar mai fere fensir, har ta rame. Sannan ya ɗauko gwangwanin giris.

Abin da ake yi ai sananne ne: ka mayar da waya, ka ɗaure tamau ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sannan ka shafa giris kaɗan a sama don kada iska da laima su shiga. Shi kuwa Injiniyan Baki cika hannu ya yi ya lafta tun kafin ya sa wayar, ciki da waje. Ya ɗora wayar a kan dalmar da ya ramar, ya ɗaure noti har ƙarshe, tana ta lilo abinta.

Na ce masa, "Injiniya, anya bai yi yawa ba?"

"Kai da ko keke ba ka da shi? Murɗa makulli!"

Na murɗa. Ƙyas. Na sake. Ko ƙyas ɗin ma babu.

"Giris ne bai isa ba," in ji shi. Wallahi ya ƙara.

Yana cikin fama, sufana ta suɓuce daga hannunsa mai santsi, ta faɗa ta haɗa kawunan batir biyu. Tartsatsi ya tashi, fau! Ya yi tsalle da baya, ƙeya ta daki bonet, gashin baki ɓangare guda ya tafi. Unguwa ta ɗauki ƙauri.

"Wa ke babbaka da sassafe?" in ji Inna.

Yaya ta duba agogo, sai hawaye. In aka wuce mu, tsohuwar nan sai ta sake shekara tana lalube.

"A tura motar!" ya daka tsawa. Ya zagaya baya, ya kafa hannu biyu ya yunƙura da ƙarfinsa duka. Hannun ya zame, fuska ta sumbaci but ɗin motar, ya bi ƙasa ya kwanta.

Ban ƙara sauraron kowa ba. Na fita titi da gudu na tare tasi, muka kinkimi Inna. Muna shiga asibiti ana kiran sunanta karo na ƙarshe.

Washegari aka cire mata bandeji, muka dawo da ita a tasi tana ta kallon duniya tana hamdala. Yanar nan ta riga auren Yaya, don haka muryar surukinta kawai ta sani. Muna shigowa ya ɗago daga cikin bonet, har yanzu yana nan: baƙi ƙirin har kunne, goshi a kumbure, gashin baki rabi. Ya durƙusa.

"Sannu da dawowa, Inna. Saura kaɗan ta tashi."

Inna ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta juya wurin Yaya.

"Ke, wannan ne mijin naki?"

"Shi ne, Inna."

Tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Auta, tsayar da tasin nan kada ta tafi. Mayar da ni wurin likita ya mayar min da yanata."