Sanarwar Rasuwar Mai Ƙaho, Na'urar Intanet ta Gidan Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya wuce kuka ya koma zaman shiru, iyalan tsohon direban motar asibiti ke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar na'urar intanet ta gidansu, wadda aka fi sani da Mai Ƙaho saboda ƙahonninta biyu. Ta cika a kan teburin falo, a hannun surukin gidan, maigidan yana tsaye a kansu.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a jakar uwargida, ma'aikaciyar jinya, wadda ta riga ta tafiya bara, Allah ya jiƙanta. Ita ta kafa ta a bayan talabijin, ita ta zaɓa mata lambar sirri, ita kuma ta raɗa wa layin suna "A Sha Magani", don duk wanda ya shigo gida ya duba waya ya tuna da nasa. Maigidan ya sha cewa wannan neman magana ne, amma maganin hawan jininsa bai taɓa tsallake shi ba.

An shaidi Mai Ƙaho da haƙuri. Ba ta da magana sai ɗan zzz idan ta yi zafi. An sha rataya mata hula, jika ya taɓa shayar da ita shayi, ba ta riƙe kowa a rai ba. In ta yi fushi, a kashe ta a kunna, shi ke nan an shirya.

Ciwon ajalinta ba a jikinta ya fara ba, a zuciyar maigidan ya fara. Intanet ya yi nauyi, sai ya ɗarsa masa cewa wani ne ya yi musu kutse, kuma tun kafin bincike ya yanke hukunci a kan maƙwabcinsa mai walda, har ya daina amsa masa gaisuwa da kyau. Aka kira suruki, mai gyaran kwamfuta. Ya buɗe jerin na'urorin da ke kan layin, aka gane ta kowa, sai guda ɗaya mai haruffa da lambobi, ba suna ba dangi. Maigidan ya ce ai ga ɓarawon nan, a fitar masa da shi yau yau.

Suruki dai bai rage komai ba. Ya toshe baƙuwar, ya bi wayoyin gidan ya goge tsohon layin da lambarsa don kada a bar ƙofa, sannan ya ɗauki tsinke ya danna ɗan ramin da ke bayan Mai Ƙaho don ta manta komai. Ta manta ɗin kuwa. Fitilunta suka yi ƙyaf ƙyaf, suka yi ja, suka ɗauke. Tsufa ne, in ji shi, ba ta iya ɗaukar aikin ba.

Washegari maigidan ya zauna shan shayi, ya ji gidan wani iri. A cikin durowar gefen gado akwai wayar uwargida. Layin kiranta an daɗe da rufe shi, intanet ɗin gidan kawai take kamawa, mabuɗinta ba wanda ya sani, amma bai taɓa barin cajinta ya ƙare ba. Kowace safiya, idan abokan aikin uwargida suka fara gaishe-gaishe a zaurensu na intanet, sai ta yi ƙilin daga cikin durowa, shi kuma ya ɗauki maganinsa. Ran nan ba ta yi ba. Ya ciro ta ya duba, caji cike, ya mayar. Sai da shayin ya huce ya gane wace ce baƙuwar da ya sa aka kora.

Suruki ya ce da za a san tsohuwar lambar, da sabuwar na'ura za ta iya karɓar wayar. Lambar tana wurin mutum biyu, uwargida da Mai Ƙaho, kuma duk sun tafi. Maigidan bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Ya ce to, ya fita ya gaida mai walda.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya, da wayoyi masu neman inda za su kama, da magajiya sabuwa fil mai lambar sirrin da ko surukin sai ya duba yake faɗa. Gidan yanzu a tsare yake, ba mai shiga.

Za a naɗe ta a kwalinta gobe da hantsi, a ajiye ta a durowa kusa da wayar. Ba za a yi taro ba. Masu zuwa gaisuwa ana roƙonsu su sa wayoyinsu a shiru tun daga bakin ƙofa, domin duk wadda ta yi ƙilin, ɗaki maigidan yake waiwaya.