Ranar da Motata Ta Kaɗa Miyar Kuka

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, kuma ko na so in manta, mutanen tashar Gummi ba za su bar ni ba. Har gobe in na shigo da mota sai wani ya leƙo ta taga ya tambaye ni ko tuwo ya sauka.

Ina da wata tsohuwar a-kori-kura, fara ce a da, yanzu kuwa launinta sai wanda ya san ta tun tana sabuwa. Da ita nake jidar buhunan shinkafa daga fadama zuwa kasuwa, ranar da babu shinkafa in ɗauki albasa ko itace ko duk abin da Allah ya kawo. Mu masu irin waɗannan motoci muna da majalisa a gindin wata bishiyar dogon yaro bayan tasha. Nan ake zama a jira lodi, nan kuma ake yi wa motoci fatawa. Da ka ce motarka tana tari da safe, kafin ka rufe baki kowa ya faɗi ciwonta, kowa kuma da nasa maganin. Ni kuwa (Allah ya yafe mini) na fi kowa ɗaga murya. Ban taɓa zama garejin kowa ba, amma in ka ji ina bayanin kafireto sai ka rantse ni na ƙera shi.

Matata Sadiya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye gaba da Bukkuyum, can ta haihu. Mahaifinta mutum ne mai nauyin baki, manomi, wanda tun lokacin neman aure bai ɓoye ba cewa hankalinsa bai kwanta da ɗan mota ba. Bai hana ni ba, amma ya ce ɗan mota yau yana nan, gobe sai labari. Wannan magana ta zauna mini a rai. Saboda haka da ya aiko cewa idan kawo rago daga Gummi zai yi wuya, a bari a nema a can, sai na ce a gaya masa kada ya damu. Ragon da mahaifiyata Inna ta yi kiwo da hannunta shi za a yanka, kuma da motata zan kawo shi, kafin jama'a su gama zama. So nake ya ga cewa ɗan mota ma yana da alkawari.

Ana gobe suna, da la'asar, na wanke mota tas, na koma gefe ina kallonta kamar wanda ya sayo ta yau. Sai na hangi ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin hancinta. Na leƙa. Lagireto ne ke ɗiga, ɗis, ɗis, ba gaggawa. Na ruga wurin mai liƙin lagireto, aka ce ya tafi Anka ta'aziyya, sai jibi.

Ina zan nufa in ba majalisa ba? Nan take aka buɗe asibiti. Garba Mai Albasa ya ce in fasa ɗanyen ƙwai a ciki. Wani ya ce taba gari. Wani ya rantse da sabulun wanki. Mamman Dogo, wanda ya girme mu duka kuma ya fi mu daɗewa a hanya, ya bari hayaniya ta lafa tukuna ya ce:

"Ka samu garin kuka. Ɗan tsunkule hwa, abin da yatsu ukku ka ɗauka. Ka zuba, ka tada inji shi yi zahi, shi za ya bi ramin shi toshe. Ya kai ka ya maido ka, in ka dawo a liƙe maka."

Na ce, "Ai na san wannan tuni." Ban sani ba. Ranar na fara ji.

Da na koma gida na shiga madafin Inna na tarar da wata roba cike da garin kuka, kore shar, an tankaɗe shi da kyau. Na tsunkulo na zuba. Na durƙusa ina kallo. Ɗis. Na ƙara. Ɗis. Maganar a tada inji ya yi zafi kuwa, ta bi iska tun a tasha, domin lokacin da Mamman ke faɗinta ni ina can ina shirya abin da zan ce. Sai na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi: in tsunkule yana toshe ƙaramin rami, to nawa ramin babba ne, kuma tafiyata mai nisa ce, ga kaya. Na ɗauko robar nan na juye fiye da rabi, na samo kara na tura wanda ya tsaya a wuya, na cika da ruwa. Ɗigo ya tsaya cak. Wallahi har tausayin Mamman na ji, shekara da shekaru yana hanya bai gano cewa abin a yawaita ne ba.

Yadda hanyarmu ta zama yanzu, ba mai fita sai gari ya waye sarai. Rana na ɓullowa muka kama hanya. Inna a gaba kusa da ni, rago a baya an ɗaure shi da ƙarfen mota, gwaggona biyu zaune kan tabarma suna riƙe da huhun goro da dabino. Ni kuma na sha farar shadda sabuwa dal, hula ta zauna, ina tuƙi da hannu ɗaya. Allurar da ke nuna zafin inji ta daɗe da mutuwa (ina cikin masu cewa wannan allura tsoratar da direba kawai take yi), don haka babu abin da ya dame ni.

Mun yi nisa, mun bar gonaki mun shiga inda babu gida gaba babu gida baya, sai Inna ta ɗaga hanci.

"Kai wanga, wa ka miya cikin dajin ga da sassahe?"

Na ce wataƙila Fulani ne a rugga. Can ta sake cewa, "Miyar ga biye take da mu."

Kafin in ba ta amsa mota ta fara nishi. Na taka, ta ƙi. Sai wani fuuu daga gaba, tururi ya rufe gilashi, ragon ya fasa kuka, gwaggona suka kama salati. Na gangara gefe na kashe. Na fito da sauri na ɗaga bonet, kuma daidai lokacin tiyon sama ya ƙarasa fashewa. Allah ya taimake ni na kauce da fuska, amma gaban rigata ya samu rabonsa. Abin da ke fitowa daga injin nan ba ruwa ba ne. Miya ce, kore, mai kauri, ta dahu lugub, tana bin fanka tana zuba ƙasa da yauƙinta.

Inna ta sauko a hankali, ta zo ta tsaya, ta dubi injin, ta dube ni.

"Kukata ta?"

Na sunkuyar da kai.

"Kukar da nit tankaɗe ma maijego? Tun asuba nika biɗarta, har na zargi awaki."

A nan dariya ba ta zo wa kowa ba. Wurin ba wurin tsayawa ba ne, ga mata uku, ga rago, ga rana tana hawa. Can kuma na san an shimfiɗa tabarmi, liman ya zo, surukina yana duban hanya, kuma duk wanda ya taɓa jin abin da ya faɗa game da ɗan mota yana tunawa. Na kira Mamman Dogo a waya. Ban iya yi masa bayani ba, na dai ce mota ta mutu, na faɗi inda muke.

"Kak ka taɓa komi. Mu na nan tahe."

Daga baya na ji cewa an riga an fara yi masa lodin shinkafa, ya sa aka sauke. Garba ma ya bar albasarsa a ƙasa ya faɗo motar Mamman da igiya. Da suka iso, Mamman ya leƙa injin, ya daɗe yana kallo. Na ga gemunsa yana motsi, na ga Garba ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Amma Mamman ya kwanta a ƙasa da rigarsa ya ɗaura igiya, ya ce wa Inna ta dawo motarsa, ya ce mini, "Shiga ka riƙe sitiyari. Magana sai an yanka rago."

A hanya Garba ya ba da shawara ta taga cewa in mun kusa sai a ɓoye motata bayan gari, a shiga da ta Mamman, kowa ya ɗauka haka aka shirya. Shawara mai kyau. Abin da bai sani ba, gidan surukaina shi ne na farko in ka shigo ƙauyen, kuma taron a ƙofar gida yake, bakin hanya. Muna karyo kwana sai ga mu tsakiyar jama'a: mota tana jan mota, rago yana kuka, ni a baya riƙe da sitiyarin motar da ba ta numfashi, tana zana koren layi a ƙasa tun daga inda ido ya kai.

Na fito. Babu yadda zan yi, dole in je in gaida surukina. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa, na ɗora hannu a ƙirji don ladabi, da na ɗago hannun sai yauƙi ya biyo shi, dogo, ya ƙi tsinkewa. Ana cikin haka sai ga kakar Sadiya, tsohuwar da ba ta taɓa ganina ta ƙyale ni ba, kullum tana kirana mijinta. Ta dogara sandarta har gaban mota, ta dangwali abin da ke ɗiga, ta kai hanci, ta ɗan taɓa a harshe.

"Miji na, kaɗi ya yi kyau," in ji ta da ƙarfi, "amma ba ka sa daddawa ba."

Wurin ya fashe da dariya. Liman da kansa ya rufe baki da gefen rawani. Garba, da ya riƙe tasa tun daga daji, ya zauna a ƙasa daɓas yana share hawaye. Ni kuwa ina durƙushe, ina roƙon Allah ya tsaga ƙasa in shige, ko da motar ce a bar musu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Surukina ya dubi bayan mota ya ce, "Rago ya iso?" Aka ce ya iso. Ya ce, "Alhamdu lillahi. A yi abin da yat tara mu." Ya miƙe ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya shigar da ni zaure, ya sa aka ɗauko masa babbar rigarsa ta Juma'a ya ce in sa. Ta yi mini yawa, hannuwan har gwiwa, amma a cikinta na zauna aka raɗa wa 'yata suna, sunan Inna aka mayar. Da aka shafa fatiha sai na ji hawaye na zubo mini, na bar mutane suka ɗauka na murna ne kawai.

Bayan an watse, Mamman da Garba suka tuɓe riguna suka kwance lagireto. Ruwan sanyi ya ƙi fitar da kukar, sai surukina ya leƙa cikin gida ya sa aka riƙa ɗebo musu ruwan zafi daga tukunyar wankan jego. Haka aka wuni, maijego ta yi wanka, motata ta yi. Mamman ya ce fashewar tiyon nan ita ta cece ni, da ya ƙara riƙewa kaɗan da injin gaba ɗaya na dafa. Sai a lokacin ya tambaye ni, a hankali, wai yatsuna uku ne suka ɗauki wannan duka? Na ce yatsun nawa manya ne. Ya ce ya lura.

Da yamma na je sallama, ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri, surukina ya tare ni.

"Waɗanga mutane, lodi sunka bari sunka zo?"

Na ce lodi suka bari.

Ya jinjina kai. "Mota ta lalace, a gyara ta. Ni abin da nika tsoro, ɗiyata ta shiga hannun wanda in ya hwaɗi ba mai ɗaga shi. Yau na gani. Tahi, Allah shi yi albarka. Rigar ka riƙe."

Na durƙusa na daɗe, kuma har yau in na tuna wannan tsoho sai na yi masa addu'a, shi da Mamman da Garba, da Inna wadda ba ta sake tayar da maganar kukarta ba sai a gaban baƙi.

Yanzu a majalisa na rage murya, ba don na so ba, sai don da na buɗe baki zan yi fatawa wani zai tambaya ko a kawo daddawa. Na dai koyi abu biyu. In aka ce maka tsunkule, to tsunkule ake nufi. In kuma ya zama dole sai ka yi wauta, ka roƙi Allah ka yi ta cikin mutanen da za su fara ɗaura maka igiya kafin su fara dariya.