Ranar da Na Yi wa Zauren Kakanninmu Filasta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa jawo a rushe gidanmu na gado, wai ni mai gyara.

Gidan yana Malumfashi, ginin ƙasa ne tun na kakan kakanmu. Zauren da tubali aka yi shi, rufin azara, zankwaye a tsaye a kansa, ga zanen dagi a goshin ƙofa wanda maginan dauri suka fitar da hannu. Da aka tashi faɗaɗa titi, sai aka ce zauren yana cikin rusau. Mafita ɗaya ce: masu kula da kayan tarihi su zo su gani, in ya yi musu, su sa shi cikin gidajen da ba a taɓawa.

Baffa Sule, ƙanin mahaifina, wanda gidan ke hannunsa, ya tafi Funtua sayar da masara, ya ce in share wurin kafin baƙi su zo. Shara kawai ya ce. Amma ni da na yi shekaru a Kaduna (ko maganar ɗinkin hula ake sai na sako Kaduna), sai na ga bangon ya yi ƙauyanci. Na sayo siminti, na kira birkila, muka shafe goshin zauren sumul, har dagin, na bi da shuɗin fenti mai ƙyalli. Na ja da baya ina yaba wa kaina.

Ranar zuwansu na sha babbar riga na tsaya bakin ƙofa. Shugabarsu, wata Hajiya mai tabarau, ta dubi tsohon hoton da ke hannunta, ta dubi bango.

"Malam, ko ɓatan hanya muka yi? Gidan tarihi muke nema, ba shagon cajin waya ba."

"Nan ne, Hajiya. Ɗan gyara muka yi."

Daidai nan Baffa ya sauko daga kan acaɓa. Ya dubi bangon ya ce, "Kai ɗan nan, tsintsiya na ce ka ɗauka ko cokalin birkila?"

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ga tsoro, don na san in suka juya, zaure ya tafi.

Hajiya ta ƙwanƙwasa bangon da makullin mota, ya yi ƙara kamar ƙwarya. Ta ce, "Kun yi sa'a, siminti ba ya kama jar ƙasa. A ɓanɓare a hankali."

Haka na tuɓe babbar riga a gaban jama'a, na wuni ina ɓanɓare kwalliyata da wuƙar ɓare rogo. Kafin la'asar dagin ya leƙo, gefe ɗaya ne kawai ya guntule. Baffa ya kwaɓa ƙasa ya cike wurin.

An karɓi gidan, titi ya kauce masa. Yanzu har ɗalibai ake kawowa kallo, ni kuma unguwa ta raɗa mini Injiniya. Tun daga ranar, in an ce in yi shara, ko tabarma ba na ɗagawa sai na tambaya.