Hannu Ɗaya a Ƙirji, Ɗaya a Sake

Ba zan taɓa mantawa da magaribar wata Alhamis ba, cikin damina, shekara guda bayan samun 'yancin kai, a ƙofar gidan Alhaji Bukar da ke unguwar Fezzan. Mu huɗu ne a sahun bayan liman: Alhaji, da ni, da wansa Baba Modu wanda ya zo daga Konduga, da Kyari tela. Ni da Kyari 'yar Alhaji muke nema, Falmata.

A lokacin gari ya rabu kan tsayuwar salla: masu kabalu suna ɗora hannuwa a ƙirji, masu sadalu suna sakewa. A gidanmu sadalu na tashi na tarar. Alhaji kuwa ɗan ɗariƙa ne, mai kabalu. Da na lura Kyari bai bar sadalu ba, sai na ga kafa. Na karɓi wuridi, na koma kabalu, na riƙa zaman zikiri kusa da gwiwar Alhaji. (Har gardama na yi da mahaifina, na ce masa na binciki littattafai. Ban buɗe ko ɗaya ba.) Abin da ya fi damuna shi ne, cikin 'yan watanni na fara gaskata kaina. Har hawaye na taɓa yi a zikiri.

Ana tayar da iƙama Kyari ya biyo ta bayana ya raɗa mini, “Ka dai san Baba Modu ne zai ba da auren, ko?”

Aka yi kabbara. Na saci kallon hagu, Alhaji ya ɗora hannu. Na saci kallon dama, Baba Modu ya saki nasa. Na sauke nawa. Na tuna Alhaji, na mayar. Haka na yi ta yi har liman ya gama Fatiha, a ƙarshe na tsaya da hagu a ƙirji, dama a sake (kowa da rabonsa).

Bayan sallama Baba Modu ya shafa addu'a, ya juyo.

“Ɗana, kafaɗar ce ke ciwo?”

“A'a, Baba.”

“To mu biyu ka yi wa sallar nan. Ni na yafe tawa. Tashi ka yi ta Allah.”

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na miƙe a gabansu na yi kabbara, na rasa inda zan kai hannuwana.

Na dai koyi cewa mai sauya aƙida saboda mace, ya fara tambayar wane ne waliyyinta. An ɗaura auren Falmata da Kyari bayan girbi. Ni kuma na daɗe ina salla a ɗaki, ni kaɗai.