Ƙarshen Labarina a Jikin Soyayyen Kifi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai ni Warra gaida surukai. Ko na so in manta ma, dangin mijina ba za su bari ba.

Ni littattafan soyayya ne suka raine ni, irin waɗanda ake bazawa a kan buhu a kasuwar Yauri. Ina son ƙamshin takarda, ina son naɗe kusurwar shafi, in rungume littafi a ƙirji ina tsara yadda nawa masoyin zai zo (a tsarina da farar mota zai zo, da ya tashi zuwa, a kwale-kwale ya zo). Da aka fara yayin karatu a waya, ƙanwata Hajara ta koma can, ni kuwa na ce sam. Labarin da ba za a sa shi ƙarƙashin filo ba, ina daɗinsa?

Dab da bikina na sayi wani tsohon littafi. Na kai inda jarumin ya yi hatsarin mota, masoyiyar tana kuka a ƙofar asibiti, likita ya fito yana cire tabarau. Na juya shafi, sai bango. An yage ƙarshen! Mai littattafai ya ce ba shi da wani. Hajara ta ce, "Yaya, ina da shi a waya fa, har ƙarshe." Na ce mata gara in zauna ban sani ba. (Na zauna ɗin kuwa, amma har addu'a nake wa yaron nan.)

Ranar tafiya Warra, Gwaggona ta ja mini kunne. Ta ji labarin cewa Inna, uwar mijina, tana tsoron 'yan matan Yauri ba su da kunya. "Kanki ƙasa," in ji Gwaggona. "Ko mi aka aje maki, kar ki taɓa. Amarya ba ta ci gaban surukai. In an yi tambaya, Hajara ta amsa."

Na bi umarni sak. Ina kan tabarma, mayafi har hanci, ɗaki cike da mata. Inna ta aika bakin ruwa aka sayo soyayyen kifi karfasa, kowane a naɗe cikin takarda, aka ajiye nawa a gabana. To, an ce in sunkuyar da kai, na sunkuyar, shi ne idona ya sauka a kan takardar. Sai ga sunan jarumina, jiƙe da mai. A ƙasansa an rubuta, "Likita ya dube ta ya ce," sauran kuma kifi ya danne.

Jama'a, na yi ƙoƙari. Na yi salati a zuci. Sai na ce bari in ɗan ja da yatsa ɗaya, ba wanda zai lura. Yatsa ɗaya ya zama biyu. Mai ya sa rubutun gaba da na baya sun haɗe, dole sai an ɗaga wa haske. Ban san lokacin da na ɗauke kifin da hannun hagu, na ɗaga takardar wajen ƙofa ba. Mayafi ya zame. Sai kawai na ji muryata ta cika ɗakin:

"Alhamdulillahi! Yana raye!"

Hajara ta cusa kai cikin gwiwa. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Wa ke nan, ɗiyata? Kuna da maras lafiya ba a gaya muna ba?"

Da mai hankali ce, a nan za ta tsaya. Amma shafin ya ƙare a tsakiyar magana, ga shi na hango irin takardar a gaban yayar surukina, wata dattijuwa da kowa ke shakka. Na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, don Allah in kin gama, ki ba ni takardar."

Ta dube ni, ta dubi kifin da ke hannuna, ta ce, "Ikon Allah. Mu sai mun jefa taru a ruwa muke kamawa, amaryarku hannu ɗai ya ishe ta."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Hajara ta yi bayani tana haɗiye tata, ni kuwa ina neman inda ƙasa za ta tsage. Na riga na gama sallamawa, Inna ta samu shaidar abin da take tsoro. Sai na ji ta ce, tana goge hawaye da gefen zane, "To, ya aure ta ko ko?"

Na ce a hankali, "Ban sani ba, Inna. Yana cikin kifin Gwaggo."

Nan take ta sa kowa ya warware nasa. Aka tattaro shafuka masu maiƙo, na jera su, aka sa ni karantawa da ƙarfi, tsofaffi suna ta "wayyo" da "madalla." Ya aure ta.

Har yau a Warra sunana Amaryar Karfasa, kuma in Inna za ta aiko mana da kifi, sai ta zaɓi mai rubutu da yawa. Waya dai ban koma ba, don ba na jin za a taɓa naɗe kifi da ita. Abin da na koya shi ne in duba shafin ƙarshe kafin in sayi littafi. Sannan in aka ce ki sunkuyar da kai gaban surukai, 'yar'uwa, ki haɗa da rufe ido.