Wankan Jegon Tarwaɗa

Duk mantuwata, ba zan taɓa mance sanyin shekarar da matata Hadiza ta haifi ɗanmu na fari ba. Tun tana da ciki na gina ɗan tafki na siminti a garkar bayan gidanmu a Kaura, na zuba tarwaɗa. Na kuma cika baki a gaban danginta na Shinkafi cewa farfesun mai jego daga gidana zai fito, ba daga kasuwa ba. (Ba wanda ya tambaye ni, ni na kai kaina.)

Saboda halin hanya ba a kai ta gida wanka ba, mahaifiyarta ce, Inna, ta zo. Sanyi kuwa ya kankama, kifaye suka daina cin abinci, suka lafe a ƙasa. Wani abokina mai kiwon kifi a Zurmi ya ce in rage musu abinci, in rufe rabin tafkin da zana, in ƙyale su. Na ga wannan shawarar raggaye ce.

Da safe Inna ta tafasa ruwan wanka da ganyen darbejiya a ƙatuwar tukunya, ta shiga taso Hadiza. Sai zuciyata ta ce mini abin da ke gasa jikin mai jego ai ba zai cuci kifi ba. Na dinga kwasa da bokiti ina juyewa a tafkin har na ga gindin tukunya. Kifaye suka hau tsalle, ni kuma ina murmushi, wai daɗi suke ji. Can suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, fararen cikkunansu a sama.

Ina waiwayawa na ga Inna tsaye, Hadiza na bayanta da ɗaurin ƙirji tana rawar ɗari. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsakanina da Inna akwai kunya, don haka ba ta ko dube ni ba, 'yarta ta kalla ta ce:

"Ashe ba ke ɗai kinka haihu gidan ga ba."

Farfesun da na yi alkawari daga kasuwa ya fito. Ranar suna kuwa duk matar da ta zo daga Shinkafi, in ta gama yi mini barka, sai ta tambayi lafiyar sauran masu jegon na bayan gida.

Yanzu in sanyi ya shigo zana nake rufawa in kama gabana. Kifin da ya yi shiru ba taimakona yake jira ba.